Filin Tambaya da Amsa: A ina zan yi rajistar sunan shafina ba a cuce ni ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, ya aiki? Ni ina sayar da atamfa da leshi da mayafai ne, yawanci ta WhatsApp da Instagram, to yanzu Alhamdulillahi kasuwa ta ɗan buɗe ina son in samu shafin intanet nawa na kaina. Yaron da zai haɗa min ya ce in turo kuɗi kawai shi zai sayo domen ɗin, ni kuma na ga talla ana cewa ana samu da araha sosai, har wasu na cewa kyauta. Don Allah wane kamfani ne amintacce, kuma me zan duba kafin in biya? Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kin yi dabara da kika tambaya tun kuɗin na hannunki, don yawancin masu rubuto min sai bayan abu ya lalace suke zuwa.

Farko dai ki sani domen, wato sunan nan da ake rubutawa a kai ga shafinki mai ƙarewa da .com ko .ng, ba sayensa ake yi a mallaka har abada ba. Haya ce, shekara-shekara, a .com mafi tsawon da za ki iya biya a gaba shi ne shekara 10. Kamar shago ne a Kantin Kwari, akwai masu kasuwar, akwai dillalin da kika bi ta hannunsa, akwai kuma takardar da ke nuna sunan wanda ke riƙe da shagon. A .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da babban kundin, amma ba ya sayar wa ɗaiɗaikun mutane, sai ta hannun kamfanonin rajista irin su Namecheap da GoDaddy da Porkbun da Cloudflare, su kuma waɗannan sai ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet ta duniya, wadda aka kafa a 1998, ta tantance su. Na .ng kuwa yana hannun NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, da aka kafa a 2005, ita ma tana da jerin kamfanonin da ta amince da su a shafinta, irin su QServers. To abu na farko ke nan, ki duba sunan kamfanin a jerin ICANN ko na NiRA. Idan babu shi ba lallai ɗan damfara ba ne, zai yiwu sari yake yi daga wani babba, amma ki tambaye shi ƙarƙashin wa yake, in ya fara kwana-kwana ki bar shi.

Amma wallahi Hajiya abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba sunan kamfani ba ne, maganar yaron nan ce da ya ce zai sayo da kansa. Ba na cewa mugu ne, ban san shi ba, kuma da yawansu da kyakkyawar niyya suke yi don su sauƙaƙa wa kwastoma. Sai dai a tsarin nan wanda ya buɗe akawun da imel ɗinsa, aka rubuta sunansa a matsayin mai domen, shi ne mai shi, ko da ke kika biya ko sisin kobo bai sa ba. Akwai wani bawan Allah mai makarantar kuɗi da ya taɓa zuwa wurina da kwamfutarsa a hammata, shafin makarantar ya daina buɗewa ana tsakiyar ɗaukar ɗalibai, in ka shiga sai ka ga farin shafi da tallace-tallace na Turanci. Muka yi ta neman wanda ya haɗa shafin, ashe ya bar garin, lambarsa ba ta shiga, imel ɗin tunatarwa kuma duk can akwatinsa suka yi ta tafiya. Mutumin ya ciro min fom ɗin makarantar da rasit da katin jarrabawa, ko'ina an buga wannan suna, har jikin motar ɗaukar yara. Na tuna yadda ya yi shiru yana murza hularsa a gwiwa, ya ce “to yanzu sunan makarantata ba nawa ba ne?” A takarda kam ba nasa ba ne. Sai da aka bi ta wajen dangin yaron aka samo shi, aka ci sa'a mutumin kirki ne ya miƙa.

Don haka ga abin da za ki yi, kuma bai kai minti 20 ba. Ki zauna tare da yaron, a wayarki, ki buɗe akawun a kamfanin rajistar da imel ɗinki wanda kike dubawa kullum da lambar wayarki, ki sa kalmar sirri da ke kaɗai kika sani, ki kunna tsaron nan mai mataki biyu da ke neman wata lamba kafin a shiga, ki biya da katinki. Shi abin da yake buƙata kawai a nuna domen ɗin ya kalli inda shafin yake zaune, wato hostin, wannan kuma layi biyu ne ake cikawa, zai iya yi a gabanki. Wasu kamfanonin ma suna da hanyar da za ki ba shi izinin taɓa saitin ba tare da ya iya ɗauke domen ɗin ba. Bayan kin biya za a turo miki saƙon tabbatar da imel, ki danna shi, don a ƙa'idar ICANN in aka yi kwana 15 ba a tabbatar ba ana dakatar da domen ɗin, mutane da yawa nan suke faɗuwa su ce an cuce su alhali saƙon na kwance cikin tarkacen imel.

Sai batun araha. A watan Satumba na 2024 Verisign ya mai da kuɗin da yake karɓa daga hannun kamfanonin rajista dala 10.26 a kan kowane .com a shekara, kafin su ɗora ribarsu. To kin ga duk wanda ya ce zai ba ki .com a dala ɗaya ko biyu faɗuwa ya ɗauka da gangan don ki shigo, kuma a shekara ta biyu zai fanshe har da riba. Ni ba na kallon farashin shekarar farko sam, layin da nake nema shi ne kuɗin sabuntawa, galibi da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi a ƙasa. Ki kuma lura da kwandon sayayya kafin ki danna biya, wasu sai su cusa miki imel na kasuwanci da hostin da wani tsaro da ba ki nema ba, kuɗin ya ninka. Ɓoye bayanan da kika cika a rajistar daga idon jama'a kuwa kamfanoni da dama kyauta suke bayarwa yanzu, kar ki biya tsada a kansa.

Abu na ƙarshe da nake gwada kamfani da shi, ƙofar fita. Kamfanin kirki zai bar ki ki tafi in kin gaji da shi: ki cire makullin domen da kanki, ki karɓi lambar transfa da ake kira EPP, ki kai wa sabon kamfani. A .com dokar ICANN ta ce su ba ki lambar cikin kwana 5 da nema, sai dai galibi ba a ɗauke domen a kwana 60 na farko bayan rajista. Kafin ki biya ki rubuta musu a wajen hirar kwastoma ki ce “in ina son komawa wani kamfani ya zan yi?” Yadda suka amsa da saurin da suka amsa zai nuna miki halinsu. Kuma ko babban kamfani yana iya barin sana'ar, Google da kansa ya sayar da sashen domen ɗinsa ga kamfanin Squarespace a 2023, mutane suka wayi gari a hannun wani.

In kin tambaye ni ra'ayina, ke da kwastomominki ke Najeriya kuma kuɗinki naira ne, ki tafi kamfanin gida da NiRA ta amince da shi wanda za ki biya da transfa ta banki. Ban manta 2022 ba lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya, mutane na da kuɗin a akawun amma ba hanyar biyan sabuntawa. Wasu bankunan sun dawo da shi a 2025, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

TAMBAYA: Malam domen ɗina na .com ya ƙare sati uku da suka wuce ban lura ba, yanzu shafin ba ya buɗewa. Shi ke nan na rasa shi? Daga wani mai ɗaukar hoto, Kaduna.

AMSA: A'a ɗan'uwa, ba ka rasa ba tukuna, amma ka ajiye mujallar nan ka je ka biya yau. Bayan ƙarewa akwai ɗan lokacin sassauci da zai iya kaiwa kwana 45, ya danganta da kamfanin, wasu nasu bai kai haka ba, a ciki kuɗin sabuntawa kawai za ka biya. In ya wuce sai ya shiga matakin fansa na kwana 30, nan kuɗin ya ninka sau da yawa. Daga nan kwana 5 a sake shi kasuwa, kuma akwai masu sana'ar jiran irin wannan, su cafke su sa maka farashin da suka ga dama. Wasu kamfanonin ma tun kafin a kai nan suke sa shi a gwanjo, shi ya sa nake maka gaggawa. Kar ka ji kunya, Microsoft ma ta taɓa mantawa da sabunta passport.com, shafin da ake bi a shiga imel ɗinta na Hotmail, a Disamban 1999 har masu Hotmail suka kasa shiga, wani mutum ne can daban ya biya mata dala 35. In ka samu ya dawo ka kunna sabuntawa ta atomatik, ka tabbata katin da ka sa bai ƙare ba, in da hali ka biya shekara biyu ko uku lokaci guda, sannan ka sa ranar a kalandar wayarka wata guda kafin lokaci.

TAMBAYA: Na yi rajistar sunan kasuwancina a CAC, ai wannan ya isa ba wanda zai ɗauki sunan a intanet ko? Kuma ina ake samun na kyauta? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Bai isa ba ƙanena, CAC daban domen daban, kundinsu ba ɗaya ba ne. Domen wanda ya riga shi ke ɗauka, don haka in sunan na nan a sake ka kama shi yanzu, .com.ng ba shi da tsada kuma ya wadatar da mai farawa. Na kyauta kuwa ka haƙura da shi. Kamfanin Freenom ya shekara da shekaru yana raba .tk da .ml da .ga kyauta, a 2023 Meta mai Facebook ta kai shi kotu kan yadda 'yan damfara ke amfani da sunayen, ya daina sabuwar rajista, daga baya ya fita daga harkar, waɗanda suka gina shafukansu a kai suka koma neman sabon suna. Wanda kamfanin hostin ke bayarwa kyauta in ka sayi hostin shi ba laifi, sharaɗin kawai ka tambaye su a rubuce sunan wa za a sa a rajistar, da nawa za ka biya a shekara ta biyu.