Amsar tambayarki a kan tufafin Askot da abin da talabijin ke nunawa

Jikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, saƙonki ya iso ni ta hannun mahaifiyarki, na kuma sa an karanta mini shi har sau biyu saboda idon ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Kin ce abokan karatunki sun gayyace ki kallon sukuwar dawaki ta Askot da ake yi a ƙasar Ingila a watan Yuni, kina son sanin ko tufafin da ake sawa a can doka ce ko burga, kina kuma mamakin yadda da kika kalli ta bara a talabijin malafun mata suka fi dawaki samun kyamara. Tambaya ta uku, wadda na lura kin ajiye ta a ƙarshe kamar ba ita ce ta fi damun ki ba, ita ce ko za ki iya zuwa da leshinki da ɗankwalinki ba tare da an mayar da ke daga bakin ƙofa ba.

Doka ce, rubutacciya kuwa, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, su tsaya a mashiga suna duban abin da kowa ya sa. Amma ba za ki gane dalilinta ba sai kin san cewa filin nan na gidan sarauta ne tun asalinsa. Sarauniya Anne ce ta kafa shi a 1711, ɗan nesa kaɗan da fadar Windsor, kuma tun 1825, zamanin Sarki George na Huɗu, aka fara al'adar nan ta shigowar sarki da iyalinsa cikin kekunan doki a kan filin tseren kansa, da ƙarfe 2 na rana, kafin a saki doki ko ɗaya. Ke da kika taso ana kai ki kallon Hawan Daushe, kin san wurin da sarki zai fito ba a zuwa masa da kayan zaman gida, kin kuma san rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi a Kano ba, domin tun daga nesa yake faɗa wa jama'a gidan da mai shi ya fito. Haka tufafin Askot suke, suna nuna inda aka yarda mutum ya tsaya.

Filin a rarrabe yake. Ɓangaren da suke kira Royal Enclosure, wato keɓaɓɓen wurin gidan sarauta da waɗanda aka amince wa, shi ya fi tsanani. Namiji sai ya sa kwat mai dogon baya kamar jelar tsuntsu, da falmaran a ciki, da laktaye, da baƙin takalmi, da doguwar hular nan mai kama da turmi, baƙa ko ruwan toka. Mace kuwa rigarta ba za ta wuce saman gwiwa da yawa ba wajen gajarta, igiyar kafaɗarta sai ta kai faɗin inci 1, kuma dole ta sa malafa ko abin kai wanda gindinsa ya kai inci 4. A 2012 aka hana ɗan adon nan na gashin tsuntsu da ake maƙalawa a gefen kai, a 2017 aka yarda da rigar da ke haɗe da wandonta, a 2018 kuma aka wajabta wa maza safa, da aka ga samari sun fara zuwa da idon sawu a waje. Sauran ɓangarorin suna da sassauci daki-daki, har a kai wanda suke kira Windsor Enclosure, inda babu tilas ko kaɗan. Ki duba tikitinki tukuna ki ga wanne aka saya miki.

Kada kalmar al'ada ta sa ki ɗauka abin a tsaye yake wuri ɗaya. Har zuwa 1955 wanda aurensa ya mutu, namiji ko mace, ba a barin sa shiga ɓangaren sarauta, yau kuwa Sarki Charles da matarsa, waɗanda kowannensu ya taɓa rabuwar aure, su ne a keken gaba. A 1910, da Sarki Edward na Bakwai ya rasu, jama'a suka zo cikin baƙaƙen kaya daga malafa har takalmi don makoki, ba a kuma fasa tseren ba.

Ni sau ɗaya na je, a shekarun 1970 lokacin ina ɗalibi, a ɓangaren masu ƙaramin ƙarfi, kuma abin da ya fi zauna mini a rai jirgin ƙasan da na hau daga tashar Waterloo ta Landan ne. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ɗora hularsa a cinya, yana shafa ta da hannun rigarsa a hankali yana bin kwanciyar gashin silikin, kamar yadda Baffanki yake lallaɓa kwarjallensa ranar Sallah. Ya ce mini ta kakansa ce. Samarin da ke tsaye a kanmu kuwa kayan haya ne a jikinsu, wani hannun kwat ɗinsa ya rufe yatsunsa, wani wandon ya ɗage. Da yamma da muka juyo, ruwa ya sauka, sai ga mata riƙe da takalmansu masu tsini a hannu suna takawa da ƙafa, domin tsinin yana nutsewa a ciyawa tun safe.

Batun talabijin kuwa, kuɗi ne ya juya shi. A zamaninmu BBC ce ke nuna Askot, kuma da yake kuɗin lasisin da jama'a ke biya ne ke riƙe da ita, babu talla a tsakiyar shiri. Ko a lokacin tana da masu sharhin kwalliya, kada in yi mata shaidar zur, amma ana ba doki haƙƙinsa: a nuna shi yana zagaya dandali kafin a hau shi, a faɗi ubansa da uwarsa, a yi maganar ko ƙasar ta yi laushi ko ta yi tauri. Shekarar BBC ta ƙarshe ita ce 2012, ta kuwa yi bankwana da kyau, domin a makon ne wani doki mai suna Frankel ya ba sauran dawaki ratar tsawon doki 11, goɗiyar nan Black Caviar da aka kawo daga Ostireliya kuma ta ci nata tseren da ƙyar. Daga 2013 tashar Channel 4 ta karɓa, masu kallo suka ragu, sai ITV ta karɓa a 2017, ita ce kuma kika kalla.

Waɗannan tasoshi biyu da talla suke ci, mai talla kuwa yawan idanu yake saye. Tsere ɗaya minti kaɗan ne, ko babban tseren Gold Cup da ake yi ranar Alhamis, wanda aka faro tun 1807, mai nisan mil 2 da rabi, bai cika minti 5 ba, tsakanin tsere da tsere kuma akwai fiye da rabin awa da dole a cike. Wanda ya san doki zai zauna ko me aka nuna masa, wanda bai sani ba sai an riƙe shi da malafa da fuskar wani sananne. Har launin malafar da Sarauniya Elizabeth za ta sa sai da ya zama abin da 'yan caca ke zuba kuɗi a kansa. Ban ce laifi ne a nuna ado ba, tunda mutane sun kashe dukiyarsu ne don a gan su. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a yanke daga doki yana shiga layin tashi a koma kan mai gabatarwa tana tambayar wata wa ya ɗinka mata. Duk da haka, a 2013 da goɗiyar Sarauniya mai suna Estimate ta ci Gold Cup, karon farko da mai mulki ya ci shi yana kan gado, kyamarar ce ta nuna mana tsohuwar nan mai shekara 87 tana murna kamar yarinya, kuma ba wanda ya tuna da malafarta a wannan minti.

Mu ma abin ya zo mana ta wata hanyar. Da NTA ke nuna hawan Sallah, kyamara a kafe take tana bin hakimai ɗaya bayan ɗaya har a yi jafi, mai sharhi yana faɗin sarautar kowa da kirarinta. Yanzu abin da ƙannenki ke nuna mini a waya guntaye ne na daƙiƙa 30, alkyabbar wane da rawanin wane, in na tambaye su hakimin ina ne sai su dubi juna.

Sai maganar leshinki. Ƙa'idar Askot ta faɗa a fili cewa baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana iya sa kayan ƙasarsa na alfarma, har a ɓangaren sarauta, don haka ba ki da dalilin sayen rigar da ba za ki iya sawa a gaban mahaifinki ba. Ki sa kayan da za ki sa ranar walimar auren yayarki, riga da zane masu kyau, ɗaurin ɗankwali wanda ya zauna daram, da mayafi mara nauyi. Ki nemi takalmi mai faɗin dunduniya saboda ciyawa, ki riƙe 'yar laima ko da gari ya waye da rana. Za a yi ta miƙo miki takardar caca da kofin giya, na kuma san tarbiyyar da aka yi miki, ba sai na ja maganar ba. Ki isa da wuri ki sami wuri a bakin shinge kafin ƙarfe 2, idan an saki dawaki kuma ki ajiye wayar ki saurari ƙasa tana amsa kofato, domin wannan ƙarar ban taɓa jin talabijin ta kawo ta yadda take ba.

Kakarki tana gaishe ki, ta ce a turo mata hoton ɗaurin kafin ki fita daga ɗaki.

Kakanki.