Fidar da kika gani a hannun baban jaririya

Yaya, na karanta tambayarki a kan hoton da na aiko miki, inda muke zaune a gidan abinci da safe, baban yara yana riƙe da fida a bakin jaririya. Kin ce ko na yaye ta ne tun ba ta kai ko'ina ba, kuma me ya hana a karya kumallo a gida. Ki kwantar da hankalinki, abin da ke cikin fidar nonona ne da na tatsa.

A nan Amurka dokar tarayya ta hutun iyali, wadda aka kafa a 1993, mako 12 kawai take ba mai jego, shi ma babu albashi, kuma ba kowace ma'aikaciya ce ta cika sharuɗɗansa ba. Yawancinmu muna aiki, kuma ba mu da kaka ko ƙanwa a kusa da za ta riƙe yaro ta kawo mana shi ya sha ya koma. Saboda haka uwar da take son ɗanta ya ci gaba da shan nononta zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, dole ta tatsa ta ajiye, dole kuma yaron ya saba da karɓa daga hannun wani kafin ranar komawarta aiki. Burinmu shi ne mu cika shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata, fidar kuwa hanya ce ta kai wa ga hakan.

Wahalar ita ce jaririn da ya saba da mama ba ya karɓar fida cikin sauƙi, domin tsotson ba iri ɗaya ba ne, kuma ya san ɗumin jikin uwarsa da ƙamshinta. Matanmu da suka daɗe a nan sukan ce a jira sai shayarwa ta kankama, wato bayan mako 4 ko 6 da haihuwa, sannan a fara gwadawa, amma kada a bari sai saura kwana biyu a koma aiki. Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne kada uwa ta zama ita ce mai miƙa fidar, don muddin yaro yana jin ta a kusa, kansa zai riƙa juyawa wajen ƙirjinta yana kuka. Uba ne ya fi dacewa, uwar kuma ta bar ɗakin. Ba a jira sai yunwa ta ci yaro, domin mai kukan yunwa ba ya koyon sabon abu. Ana ɗaga shi kamar a zaune, a ɗiga nono kaɗan a leɓensa, a bari ya buɗe baki da kansa ya kama, a riƙe fidar a kwance kada nonon ya kwararo masa, a riƙa dakatawa yana numfasawa. Ana zaɓen kan fida mai ƙaramin rami. Idan ya ture da harshe ya kau da kai, sai a haƙura zuwa wani lokaci, ba a yi masa ɗura. Wanda ya ƙi gaba ɗaya ana iya ba shi da ƙaramin kofi ko cokali.

Na san za ki damu da tsabta, kuma kin yi gaskiya. Hukumar CDC, mai kula da yaƙi da cututtuka a nan, ta ce nonon da aka tatsa yana iya yin awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firij, a firiza kuwa ya fi kyau a yi amfani da shi cikin wata 6. Ana ɗumama shi ne ta hanyar tsoma fidar cikin ruwan ɗumi, kuma abin da yaro ya rage ba ya wuce awa 2 a zubar.

Batun fita karin kumallo kuwa, al'ada ce a nan ranar Asabar ko Lahadi. Cikin mako miji ya fita tun duhu, yara suna makaranta, wata uwar ma aikin dare take yi, har sai ka ga an kwana biyu ba a zauna tare an ci abinci ba. Safiyar ƙarshen mako ce kaɗai take haɗa mu, kuma da safe jarirai sun fi natsuwa. Mukan tambayi abin da aka soya abincin da shi saboda naman alade, ko mu je inda muka tabbatar na halal ne. Doka ta ba mace damar shayarwa a bainar jama'a a duk jihohi 50, amma yawancin matanmu kunya ba ta barinsu su sake ko da sun yafa mayafi, shi ya sa muke tafiya da fida a jaka mai ƙanƙara. A ranar hoton ne jaririyar ta fara shanyewa ba tare da gardama ba, babanta yana jijjiga ta a hankali, ni kuma na koma can ƙarshen tebur inda ba ta ganina. Da muka dawo gida na ba ta mama, ta kama yadda ta saba.