Wai yaƙi ne ya rushe tsakiyar birnin Rum?

TAMBAYA: Salam malam. Na raka maigidana Italiya muka shiga wajen nan da suke kira Forum kusa da Colosseum, ni dai duwatsu da ginshiƙai kawai na gani a cikin rami, mai zagayawa damu yana ta cewa nan ne zuciyar daular Rum. To wai yaƙi ne ya rushe shi haka? Kuma meyasa yake ƙasa da titi?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Yaƙi ya taɓa wurin kam, a shekarar 410 miladiyya mayaƙan Alaric, sarkin ƙabilar Visigoth, sun shiga Rum sun yi ɓarna, an kuma yi girgizar ƙasa mai ƙarfi a 847 da 1349, amma mafi yawan abinda ya ɓace mutanen garin ne da kansu suka kwashe shi, kuma wannan shine abinda yafi min ciwo duk sanda nake karantar da tarihin wurin.

Asali fadama ce tsakanin tuddai biyu, Palatine da Capitoline. Wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka haƙa babbar magudanar ruwa, Cloaca Maxima, ta janye ruwan zuwa kogin Tiber, sannan wurin ya zama kasuwa, kotu, majalisa, wajen bauta duk a fili ɗaya. Kinga tun farko ma kwari ne. Da garin ya mutu, daga mutum kusan miliyan 1 zamanin sarki Augustus ya koma wajen dubu 20 zuwa 30, ba mai yashe magudana ba mai kwashe shara, kogi yayi ambaliya ya bar laka, gini ya faɗi a barshi a wurin, ahaka ƙasa tayi ta hawa har ta binne wurin mitoci da dama. Daga baya ma makiyaya ke kiwo akai, sunan wurin ya koma Campo Vaccino, filin shanu. Ramin da kika gani haƙa akayi, an fara sosai a 1803 da masanin kayan tarihi Carlo Fea, sai Giacomo Boni daga 1898.

Kwasar kuma ba a ɓoye akayi ba fa. Mai gini yazo ya ɗebi dutse sassaƙaƙƙe kyauta, wani ya farfasa mabul da gumaka ya zuba a tanderu ya ƙona su koma farin garin kwaɓin gini. A 1540 Fafaroma Paul na 3 ya ba masu ginin cocin St Peter izinin haƙa su ɗebi abinda suke so. Kamar dai yadda aka cinye ganuwar Kano, kowa ya ɗibi ƙasa kaɗan yana ganin ai ba komai.

Abinda ya tsira yawanci wanda aka maida coci ne. Duba hotunanki, akwai wani dogon gini na jan bulo mai rufi wanda baida ado, to shine Curia majalisar dattawansu, a 630 aka maida shi coci shiyasa yake tsaye, ƙofofinsa na tagulla na asali ma an ɗauke su a 1660 zuwa cocin Lateran. Haka ɗakin bautar sarki Antoninus da matarsa Faustina na shekarar 141, coci aka gina a cikinsa, kuma in kin lura ƙofarsa tana can sama ba matakalar da ta kai gareta. Ba kuskuren magina bane, lokacin da aka sa ƙofar nan ne daidai ƙasa, wannan ƙofar kaɗai ta isa ta amsa tambayarki ta biyu. Waɗanda basu samu wannan gatan ba sai guntaye, ginshiƙai 8 na ɗakin gunkin Saturn inda baitulmalin daular yake, 3 na ɗakin gumakan Castor da Pollux.

In Allah ya sake kaiki ki tsaya a babbar ƙofar nasara ta sarki Septimius Severus, an gina ta a 203. Mutumin ɗan Afirka ne, a Leptis Magna aka haifeshi, Libiya ta yanzu gabas da Tarabulus. Ki ɗaga kai ki kalli layi na 4 na rubutun sama, zaki ga an kankare an sake rubutu, sunan ɗansa Geta ne a wurin, ɗan uwansa Caracalla ya kasheshi a 211 sannan yasa a goge sunansa ko'ina, amma ramukan ƙusoshin haruffan farko suna nan har yau, dasu masana suka karanto abinda aka goge. Sai wani ɗan tudun ƙasa ƙarƙashin rumfa inda aka ƙona gawar Julius Caesar shekara 44 kafin Annabi Isa, har yanzu mutane na ajiye furanni akai.

Ki fara hawa tudun Palatine ki leƙo filin daga sama kafin ki sauka ciki, daga can ne zaki gane ina titi ina majalisa, kuma kije da sassafe da robar ruwa don inuwa kaɗan ce a wurin.