Yadda tsuntsu mai bakin takobi yake gyara gashinsa

Malam, ka tambayi yadda ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure na dazukan tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wato Ensifera ensifera, yake gyara gashinsa alhali bakinsa ya fi ƙarfinsa. Da ƙafa yake yi. Bakin yakan kai santimita 10, in ka cire wutsiya ya fi gangar jikinsa tsawo, don haka ba ya iya juyo da shi ya tsefe gashi kamar sauran tsuntsaye. Sai ya ɗaga ƙafa ya yi ta susa da farce.

Na kalle shi a dajin Yanakoca, kusa da birnin Kito na Ikwado. In ya sauka a reshe, sai ka ga ya ɗaga bakin sama don ya rage wa wuyansa nauyi. Amma fa wahalar nan da ribarta. Furen wata shuka mai yaɗo da ake kira Passiflora mixta yana da dogon bututu, ruwan zaƙin yana can ciki. Tsuntsun yakan tsaya cak a iska, ya zura baki ya sha abin da ya gagari masu gajeren baki, ya tashi da ƙurar furen ya kai wa na gaba.