Hasken saifa a hoton ba shi ne yaɗuwar ƙari ba

Ƴar'uwa, kin ce hoton sintigirafi (hoton cikin jiki da ake ɗauka bayan allurar maganin da ke haskawa a na'ura) da aka ɗauki mahaifiyarki a Yamai ya nuna haske a saifa da ƙoda, kina tsoron ƙarin nan na neuroendokirin (ƙari na ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadaran homon) ya bazu. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Maganin da aka yi mata allurarsa yana manne wa wuraren da ke karɓar somatostatin (wani sinadarin homon na jiki) a jikin ƙwayoyin ƙarin, kuma saifa, ƙoda da hanta su ma suna ɗaukarsa ko mutum lafiyarsa ƙalau. Kan fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) ma yakan yi haske ya ruɗi mai karanta hoton.

Shi ya sa ake kwatanta wannan hoton da hoton sikana. Ki faɗa wa likita ranar ƙarshe da Mama ta karɓi allurar oktireyotid, maganin ƙarin da ake yi wata-wata, domin tana sauya hoton. In Ki-67, wato ma'aunin saurin yawaitar ƙwayoyin ƙarin, ya haura kashi 20 cikin 100, ƙari kan ɓuya a wannan hoton. In haka ne, ki tambayi likitan batun FDG, wani nau'in hoto da ake ɗauka bayan allurar sinadari mai kama da sukari. Allah ya ba Mama lafiya.