Baƙi Na Tafe, Me Za a Ɗora? Amsoshin Wasiƙunku Kan Girki

Assalamu alaikum. Ni amarya ce, ina zaune Mabera, nan cikin Sakkwato. Ƙawayena biyar da munka yi makaranta tare za su zo mani ranar Asabar bayan Magariba. Ban son in yi shinkafa da miya kamar kullum, kuma ban son girkin da zai hana ni zama da su. Mi zan dafa?

Wa'alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki yi musu dambun shinkafa da zogale, da kaza a miyar albasa, da zoɓo mai sanyi. Kada ki ƙara komai a kan waɗannan ukun. Yawan kala ba shi ne burgewa ba, don mai girki ɗaya da ta ɗora tukunya biyar sai kowace ta fito da naƙasu. Dambu kuwa yana da kwarjini a tire, kayansa ba tsada, kuma kusan duk wahalarsa ana gama ta kafin baƙo ya yi sallama.

Na mutum 6, har da ke, ki tanadi ɓarzajjiyar shinkafa gwangwanin madara 6, tsinkakken ɗanyen zogale gwangwani 4, manyan albasa 2, tattasai 3, attarugu 4, soyayyar gyaɗa dakakkiya gwangwani 1, man gyaɗa gwangwani 1, dunƙule 4, da gishiri ƙaramin cokali 2. Idan za ki kai ɓarzo inji, ki ce a yi miki shi da ɗan girma, kada ya kai laushin tsaki. Da kin dawo ki tankaɗe shi ki fitar da garin. Wannan garin shi ne asalin caɓewar dambu, domin da ya sha tururi sai ya zama ƙullu ya manne ƙwayoyin wuri guda.

Ki wanke ɓarzon da sauri, sau 2 ya isa, ki zuba a matsami ya tsane na minti 15. Kada ki jiƙa shi. Ki ɗora tukunyar ƙasa da ruwan da bai wuce rabinta ba, sai ya tafasa sosai kafin ki aza madambaci. Ruwan da ke tsalle yana taɓa gindin madambaci zai dafa na ƙasa ya zama tuwo alhali na sama bai nuna ba. Mahaɗar tukunyar da madambacin ki naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, don duk tururin da ya fita ta gefe asararsa kika yi. Ki zuba ɓarzon sakwa-sakwa ba tare da dannawa ba, ki shimfiɗa farin ƙyalle a samansa kafin marfi, saboda gumin marfin kada ya ɗiga ciki. Minti 20 ya ishi turarawar farko.

Sai ki juye a babban kwano ki wargaza da cokali mai yatsu. A nan ne dambu ke gyaruwa ko ya ɓaci. Ki riƙa yayyafa romon tafasar kaza kaɗan-kaɗan kina juyawa, kamar gwangwani 1 da rabi gaba ɗaya, amma hannunki ne ma'auni: ki dunƙula kaɗan a tafi, in ya haɗe kuma da kin taɓa shi ya watse, ya isa. In ya ƙi haɗuwa zai fito da tsauri, in ya haɗe ya ƙi watsewa ruwa ya yi yawa, sai ki baza shi ya sha iska kafin ki ci gaba. Zogalen ki tafasa shi minti 5 tukuna ki matse, ɗacinsa zai tafi. Ki haɗa shi da yankakkiyar albasa, jajjagen tattasai da attarugu, gyaɗa, gishiri, dunƙule da rabin man, ki cakuɗa, ki mayar madambaci minti 25. Sauran man ki soya albasa a ciki, ki zuba a kai lokacin da za ki kai gaban baƙi.

Kaji 2 sun isa. In na Hausa ne, ki ba su kusan awa 1 a wuta da albasa, citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari ƙwaya 5. In na gidan gona ne, minti 20 kawai, fiye da haka su saɓule a mai. Ki tsame, ki bari ruwan jikinsu ya bushe kafin suya, in ba haka ba mai zai yi ta fantsama kuma naman ba zai yi ja ba. Miyar kuwa albasa ce jigonta, ga ta kuma ba ta yanke mana a Kasuwar Daji. Manya 6 za ki yanka siri-siri, ki zuba a ludayi 2 na man da kika soya kazar, wuta can ƙasa, kina juyawa minti 20 har ta narke ta yi ruwan zuma. Wuta mai ƙarfi tana ƙona bakinta ta bar cikinta ɗanye, miyar ta yi ɗaci. Daga nan jajjagen tattasai 4 da attarugu 3, romo ludayi 2, ruwan rabin lemon tsami, sai kazar ta shiga ta yi minti 10 a rufe.

Zoɓo tun da safe: busasshe gwangwani 3 a ruwa lita 4, da dakakkiyar citta da kanumfari da ɓawon abarba wankakke, ya tafasa minti 15, ki tace, sukari daga baya. Kaza da miya bayan La'asar, haka turarawar farko. Turarawa ta biyu ki ɗora ana kiran Magariba, kafin ki idar da salla ki gyara jiki dambu ya kusa sauka.

Hajiya ce daga Runjin Sambo. Abokan maigidana kan zo cin abincin dare, su kusan goma. Dafa-dukata in ta mutum uku ce tana yin kyau, amma da na yi mai yawa sai sama ta yi tsauri, ƙasa ta caɓe ko ta ƙone. Ina matsalar take?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Matsalar tukunya ce da ruwa. Idan shinkafa ta yi tudu a tukunya mai zurfi, nauyin ta sama yana danne ta ƙasa cikin ruwa, tururi kuma ba ya kaiwa sama. Ki nemi tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, yadda shinkafar ba za ta wuce rabinta ba tana ɗanya. In babu, gara ki raba tukunya 2.

Sannan ruwa ba ya ninkuwa daidai da shinkafa, domin abin da ke tashi a tururi bai ƙaruwa sosai don an ƙara awo. Gwangwani 10 na shinkafar da aka turara a masana'anta, ki ba ta gwangwani 14 na ruwa, kuma romo da ruwan kayan miya duk cikin lissafin suke. Ki ajiye tafasasshen ruwa a gefe, in ta nema ki yayyafa kaɗan. Shinkafar gida, irin wadda ake nomawa a fadamun Rima, sabuwarta ba ta son ruwa kamar tsohuwa, kuma sai an rege ta an fitar da tsakuwa.

Kayan miyan ki soya su har mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu. Ki zuba romo ya tafasa, ki ɗanɗana gishiri a ruwan, ya ɗan fi yadda kike so, don shinkafa za ta shanye. Bayan kin zuba shinkafar ki juya sau ɗaya, ta tafaso, sai ki rage wuta ƙwarai ki rufe bakin tukunyar da takardar gashin nama (foil) kafin marfi. Leda ko buhu kada su shiga tukunyar abinci mai zafi. In a gawayi kike, ki kwashe rabin garwashin daga ƙasa ki ɗora kaɗan a kan marfin. Minti 30 ba buɗewa, sannan ki juyo ta ƙasa zuwa sama da muciya a hankali, ki sake rufewa minti 10. Yawan juyawa shi ke farfasa ƙwaya ya fitar da danƙonta.

Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, risho ɗaya gare ni da tukunya biyu. Abokaina huɗu za su zo daga Birnin Kabi. Akwai abin da zan iya ba tare da na ji kunya ba?

Akwai, ɗan'uwa: farfesun tarwaɗa da kuskus, duka cikin minti 45. Sayi tarwaɗa manya 2, a yanka maka kowace gida 4. Zuba musu ruwan zafi na minti 1, yauƙin zai daskare ya yi fari, ka kankare da wuƙa ka ɗauraye da lemon tsami. Ka jajjaga albasa 2, attarugu 4, tafarnuwa da citta, ka tafasa su a ruwa lita 1 da rabi tare da dakakken masoro, kimba 2, dunƙule 3 da gishiri, na minti 10, kafin kifin ya shiga. Kifin minti 15 ne a wuta matsakaiciya. Kada ludayi ya shiga tukunyar, ka kama ta da tsumma ka girgiza, in ba haka ba kifin zai dagargaje. In ka sami ɗoɗɗoya, ka watsa a ƙarshe.

Kuskus ba ya buƙatar risho. Gwangwani 5 a kwano, da mai cokali 3 da gishiri kaɗan, ka zuba tafasasshen ruwa gwangwani 5, ka rufe minti 5, ka wargaza da cokali mai yatsu. Ruwan ka tafasa shi bayan ka sauke farfesun.

Da zafin nan da rashin wuta, zan iya gama girkin dare tun da hantsi in ajiye a kula?

A'a, 'yar'uwa, musamman shinkafa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma dafaffen abincin da ya huce a irin wannan yanayi bai kamata ya wuce awa 1 a ajiye ba. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta. In abincin ya zauna da ɗumi-ɗumi sai ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Shi ya sa wani kan kwana yana amai bayan ya ci shinkafar da ko tsami ba ta yi ba.

Abin da za ki iya yi da hantsi shi ne regaya, tsinkar ganye, dakan kayan ƙamshi da zoɓo. Nama ki saye shi kusa da lokacin ɗorawa, ko ki tafasa ki soya shi sosai da kin dawo kasuwa. Kula tana riƙe zafin da ta tarar ne kawai, don haka ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba abincin yana tururi, ki cika ta, kuma kada ya wuce awa 3 a ciki. Haɗin kabeji mai bama sai baƙi sun zauna za ki kwaɓa. Kunun aya ki bar shi sai ranar da kike da tabbacin sanyi, don yana saurin juyawa. Ƙanƙarar saye kuma ki fasa ta a babbar kula ki jera gorunan zoɓon a ciki, kada ki jefa ta cikin abin shan, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba.