Tambaya da Amsa: Batirin Injin Huda

Tambaya: Na sayi injin huda mai batir, volt 18, amma caji ba ya daɗewa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, fara duba lambar Ah a jikin batirin, wato lambar da ke nuna yawan cajin da yake iya riƙewa. Mai 2Ah na ɗaure noti ne da ƙananan ayyuka. In katako mai kauri za ka riƙa hudawa, nemi mai 4Ah. Sannan zafi ne babban abin da ke cinye batirin lithium. Kada ka bar shi cikin mota da rana, kuma in ya yi zafi bayan aiki, bari ya huce kafin ka sa caji. In za ka ajiye shi ya daɗe, bar shi da rabin caji. Dakusasshen bakin huda ma yana shan batir, sauya shi.